Jakar littattafan da ke bin malama gida

Tambaya: "Ni malamar firamare ce, shekarata 26, ina riƙe da aji biyu mai yara 48. Wannan ce shekarata ta biyu a bakin aiki, kuma wata takwas ke nan da aurena. Kullum ina dawowa gida a gajiye, murya a dishe, ga jaka cike da littattafan yara da ban duba ba, ga aikin gida yana jirana. Maigidana mutumin kirki ne, amma kwanan nan ya fara cewa jikina ne kawai ke gida, hankalina yana makaranta, ni kuma abu kaɗan sai in daka masa tsawa kamar ɗan ajina. Shin haka rayuwar malama mai aure take, ko ni ce ban iya ba? Har na fara tunanin ajiye aikin."

Amsa: Allah ya sanya albarka a cikin auren, ƙanwata, ya kuma ba ki ladan 'ya'yan mutane da kike ɗawainiya da su. Na yi shekara 19 ina koyarwa a firamare kafin in koma horar da sababbin malamai da bin su azuzuwansu ina duba aikinsu, kuma ni ma a shekarata ta biyu da fara riƙe alli aure ya same ni, saboda haka wasiƙarki ba baƙon labari ta kawo mini ba. Gajiyar da kike ji gaskiya ce, tana da dalilai sanannu, kuma ba ta nuna kin gaza. Sai dai yadda kwanakinki suke tafiya yanzu ba shi ne tilas ga duk malama mai aure ba. Babbar illar aikinmu ita ce ba shi da gaɓa. Ma'aikaciyar jinya tana miƙa marasa lafiya ga wadda ta canje ta, tela yana gama ɗinki ya rataye, amma malama ba ta taɓa isa wurin da za ta ce yau ta kammala, domin kowane darasi ana iya ƙara gyara shi, kowane littafi ana iya ƙara rubutu a cikinsa, kuma kowane yaro yana da sauran abin da ya kamata a yi masa. Aikin da ba ya ƙarewa da kansa, idan mai yin sa ba ta shata masa iyaka ba, zai yi ta malala har ya cinye duk filin da ya samu, kuma filin da ya fi kusa da shi shi ne zamanki da maigidanki.

Gajiyar malama ita ce abin da mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta, har da mazajenmu. Mai kallo daga waje yana ganin an tashe ta da sauran rana alhali wasu ma'aikata suna ofis har yamma, sai ya ɗauka ta fi kowa hutu. Wani masanin ilimi na Jami'ar Chicago, Philip Jackson, ya daɗe yana zama a bayan azuzuwan firamare yana lura da abin da ke wakana, kuma a 1968 ya bayyana cewa malamin aji yakan yi mu'amala da yara har sau 1,000 a yini guda. Ki gwada wannan da ranarki. Wannan ya ɓatar da fensirinsa, waccan tana kuka an taka mata ƙafa, wani yana neman izinin fita, wata ta gama aiki tun kafin rabin ajin su rubuta kwanan wata, kuma kowannensu yana buƙatar ki yanke hukunci nan take, da sakin fuska, ba tare da zaren darasin ya kuɓuce miki ba. Abin da ke ƙarewa a jikinki kafin a kaɗa ƙararrawar tashi shi ne haƙuri da juriyar sauraro, waɗanda kuwa su ne sabon aure ya fi nema. Idan maigidanki ya yi miki wata 'yar tambaya kika ji ranki ya ɓaci, sau da yawa laifin tambayar kawai shi ne ta zo ta dubu da ɗaya.

Ba na manta wata rana a farkon aurena da maigidana ya shigo ya tuɓe takalmansa a tsakiyar ɗaki. Ban san lokacin da na nuna bakin ƙofa da yatsa ba, na ce da irin muryar da nake tsayar da aji, "A kwashe su a kai inda ake ajiyewa, yanzun nan." Ya tsaya ya dube ni, ya sunkuya ya kwashe takalman, sannan ya ce, "To, Malama. In zauna ko in ci gaba da tsayuwa?" Mun yi dariya a ranar, amma daga baya ya shaida mini cewa ba wannan ne karo na farko ba, kuma ba kowane karo ne ya ba shi dariya ba. Muryar aji ba ta sauka da kanta don kawai an fito daga ƙofar makaranta. Tana buƙatar lokaci. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Rena Repetti, ta bi diddigin ma'aikatan da ke ba jiragen sama umarnin sauka da tashi, ta wallafa sakamakon a 1989. Ta gano cewa a ranakun da aiki ya yi musu yawa sukan dawo gida su ja jikinsu su yi shiru, kuma inda matansu suka fahimci halin suka ba su sarari, faɗa da nuna fushi sun ragu. Abin da nake ba malamaina shawara a kai ke nan: minti 20 zuwa 30 bayan shigowa gida, ki sauya tufafin aiki, ki watsa ruwa, ki zauna shiru ba waya a hannu, kafin ki taɓa aikin gida ko ki shiga wata doguwar magana. Sharaɗin shi ne maigida ya san da wannan tsari tun kafin a fara, domin shirun da ba a yi bayaninsa ba fushi ake ɗaukarsa.

Yanzu sai jakar, wadda a ganina ita ce cibiyar wasiƙarki. Na san ta sarai. Ana ajiye ta a kan kujera da niyyar za a buɗe ta bayan an ɗan huta, sai ta kwana a wurin tana hararar mai ita, da safe kuma a saɓa ta a mayar makaranta kamar yadda ta zo. Daren da aka duba littattafan an rasa hira, daren da ba a duba ba an rasa kwanciyar hankali, ko ta ina maigida ne ke biyan bashin. Mu yi lissafi da alƙaluman da kika bayar. Yara 48, a ce kowanne ya yi aiki a littattafai uku a yini, littattafai 144 ke nan. Idan kika ba kowane littafi minti biyu kacal, kin ci minti 288, wato awa biyar ba minti 12, kowace rana. Babu mahaluƙin da zai iya wannan ya kuma shirya darasin gobe, ya kula da gida, ya yi barci. Kin ɗora wa kanki abin da ba ya yiwuwa, sannan kina tuhumar kanki da kasala don bai yiwu ba.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne, yawan rubutu da jan biro ba shi ne ke ƙara wa yaro ilimi ba. A Ingila, inda malamai suka yi ta kokawa da nauyin duba littattafai, wani kwamiti da ma'aikatar ilimi ta kafa ya fitar da rahoto a 2016, inda ya ja hankali cewa kada a ɗauki yawan gyara a matsayin ingancinsa, ya kuma ce gyaran da ya dace shi ne mai ma'ana ga yaro, wanda malami zai iya ɗauka, wanda kuma ke ƙarfafa wa yaro gwiwa. Tun kafin nan, a 1988, wata masaniyar ilimi, Ruth Butler, ta yi gwaji da 'yan aji biyar da shida a Isra'ila: wasu aka ba su maki kawai, wasu bayani kawai, wasu kuma maki da bayani tare. Waɗanda aka ba bayani zalla su ne suka ci gaba, waɗanda aka haɗa musu biyun kuwa ba su fi masu maki kawai ba, domin da yaro ya ga lamba sai idonsa ya tsaya a kanta, bayanin da malama ta ɓata dare tana rubutawa ya bi ruwa. Waɗannan fa manyan yara ne masu iya karatu. Ɗan aji biyu da har yanzu yake haɗa baƙi da wasali, me zai tsinta a cikin jimla uku da aka rubuta masa a gefen shafi da ƙarfe goma na dare? Gyaran da ke amfanarsa shi ne wanda aka yi masa da baki, fensirin yana hannunsa, kuskuren bai huce ba.

Saboda haka ki mayar da mafi yawan duban cikin aji. Da zarar kin ba su aiki, kada ki zauna. Ki ɗauki biro ki riƙa zagayawa, kina tsayawa a kan kowane yaro na 'yan daƙiƙoƙi, ki sa alama a abin da ya yi daidai, ki ɗora yatsa a kan wanda ya kuskure ki ce ya sake dubawa. A darasi ɗaya za ki iya ratsa kashi ɗaya cikin uku na ajin, gobe ki fara daga inda kika tsaya. Lissafin da amsarsa ɗaya ce, ki rubuta amsoshin a allo su duba da kansu, domin yaro ɗan shekara bakwai yana iya gane ko 14 ya rubuta ko 41, kuma ganewar da ya yi da idonsa ta fi zama a kansa. Aikin rubutu kuwa, bayan an tashi ki zauna a ajin na minti 30, ki buɗe littattafan ki raba su kashi uku: waɗanda suka gane, waɗanda suka kusa, da waɗanda ba su kama hanya ba. Za ki tarar kurakurai biyu ko uku ne ke ta maimaituwa a wurin yara 20. Maimakon ki rubuta gyara iri ɗaya sau 20, sai ki buɗe darasin gobe da su a kan allo, sannan ki jawo 'yan kashi na uku kusa da ke. Dubawa mai zurfi, ta ɗaya bayan ɗaya, ki keɓe ta ga aiki ɗaya a mako.

Na san abin da za ki ce: shugaban makaranta yana son ya buɗe littafi ya ga jan biro, iyaye ma haka. Gaskiya ne, kuma ba na ba ki shawarar yin gaban kanki. Ki same shi a lokacin da ba ya cikin hidima, ki nuna masa lissafin da muka yi, ki bayyana masa tsarin da kike son gwadawa, ki tambaye shi mene ne mafi ƙarancin abin da dole ya gani a kowane littafi. A mafi yawan makarantun da na shiga, amsar ba ta wuce alama da kwanan wata da ke nuna idon malama ya bi ta kan shafin. Sababbin malamai sukan ƙirƙiro wa kansu dokoki masu tsauri da babu wanda ya kafa musu, don tsoron kada a ce ba su da himma. Bayan wannan, ki ƙudurta cewa jakar ba za ta zo gida ba sai rana ɗaya a mako da ke da maigida kuka sani. Gara ki ƙara minti 45 a makaranta ki dawo hannu sake, da ki dawo da wuri ki kwaso makarantar gaba ɗaya ki zube a falo.

Shirin darasi bai kamata ya ci miki rai haka ba. Ki ware masa zama ɗaya a mako, ki adana duk abin da kika shirya tare da ɗan rubutu a ƙasansa na abin da ya yi kyau da abin da ya ƙi, domin baɗi ki gyara maimakon ki faro daga tushe. Idan akwai wata malama mai riƙe da aji irin naki, ku raba darussan tsakaninku. Katin da aka yi wa ado har tsakar dare bai fi wanda aka rubuta da hannu mai kyau cikin minti biyar koyar da yaro ba.

Dishewar muryarki kuma tana ba ni labarin yadda ajin yake tafiya. Na taɓa zama a bayan ajin wata matashiyar malama mai ƙwazo, ina riƙe da agogo. Daga shigowar yara bayan hutun tara zuwa lokacin da ta furta jimlar farko ta darasi, minti 11 suka wuce: ana rigima a kan wurin zama, yara bakwai sun yi layi wajen fiƙe fensir, ita kuma tana tsaye tana kiran sunan kowane littafi ɗaya bayan ɗaya tana miƙawa, tana ɗaga murya sama da hayaniyar da ke ƙaruwa. Ba ta yi wani laifi ba, kawai ba ta taɓa koya wa yaran yadda ake waɗannan abubuwa ba. Jacob Kounin, wanda ya ɗauki hotunan bidiyo na azuzuwan firamare masu yawa ya wallafa bincikensa a 1970, ya gano cewa malaman da ajinsu ke cikin natsuwa ba su fi sauran iya tsawatarwa ba. Bambancinsu shi ne ba sa barin giɓin da rigima za ta tsiro, idonsu yana kan ajin duka, kuma sauyawa daga wani aiki zuwa wani ba ya ɗaukar su lokaci. Binciken da OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta ƙasashe masu arziki, ta yi wa malaman ƙananan sakandare a 2018 ya nuna cewa kashi 13 cikin 100 na lokacin darasi yana tafiya ne wajen tsawatarwa, kashi 8 kuma wajen rajista da makamantanta, kuma sababbin malamai sun fi tsofaffi asarar lokacin. Ki ɗauki mako biyu ki koyar da tsarin aji kamar yadda kike koyar da lissafi: yadda ake shigowa, wanda ke raba littattafan kowane layi, lokacin fiƙe fensir, da alama ɗaya ta yin shiru, ko tafi uku ko ɗaga hannu, wadda ba ta buƙatar maƙogwaronki. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ko a tsakiyar zango yara suna karɓar sabon tsari idan malama ta tsaya a kansa.

Kada ki raina maganar muryar, domin ita ce jarinki. Wani bincike da Nelson Roy da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, wanda ya haɗa malamai sama da 1,200 da kusan adadinsu na waɗanda ba malamai ba a jihohin Utah da Iowa na Amurka, ya nuna kusan kashi 58 cikin 100 na malaman sun taɓa fama da matsalar murya, alhali a sauran mutanen kusan kashi 29 ne. Tantanin muryar mace yana kaɗawa kimanin sau 200 a daƙiƙa ɗaya yayin magana, saboda haka ki ƙiyasta gogayyar da yake sha a yinin da aka kwashe ana ihu. Ki ajiye ruwa a kan tebur kina kurɓa a kai a kai, ki taka zuwa wurin yaro maimakon ki ƙwala masa kira daga gaban allo, ki rage yawan gyaran murya da ƙarfi, kuma idan ta dishe kada ki koma raɗa, domin raɗa ma wahalar da ita take yi. Magana a hankali ko shiru ya fi. Dishewar da ta kai mako uku zuwa huɗu ba ta warware ba, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya kamata ya duba ta.

Sai mu shigo gida. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa a faɗin duniya mata suna kwashe awa 4 da minti 25 a kowace rana wajen aikin gida da kula da iyali da ba a biya, maza kuwa awa 1 da minti 23. Ban kawo wannan don ki tunkari maigidanki da shi a matsayin hujjar faɗa ba. Na kawo shi ne don ki gane cewa idan an tashi makaranta aiki na biyu kike shiga, kuma taura biyu ba ta taunuwa sai an yi dabara. Kin ce mutumin kirki ne, kuma ƙorafinsa ma shaida ne, domin bai ce gida ya yi datti ba, cewa ya yi ba ya samun ki. Mafi yawan mazajen malamai ba su taɓa ganin aji mai yara 48 daga ciki ba tun da suka bar firamare, don haka ba su da ma'aunin da za su auna gajiyar. Ki zaɓi ranar hutu da ku biyu kuke cikin walwala, ki zayyana masa yininki awa bayan awa, ki kuma saurari nasa, don shi ma yana da abin da yake haɗiyewa. Daga nan ku rubuta ayyukan gidan duka, har da waɗanda ba a gani, irin su tuna abin da ya ƙare da tsara abin da za a saya, ku ga wanne zai ɗauka gaba ɗaya, wanne za a tara zuwa ƙarshen mako, wanne kuma za a rage ko a bari. Amarya takan so ta nuna ba ta gaza a komai ba, ta yi ta ɗauka ba ta magana, har ranar da abin zai fashe a kan takalmi. Roƙo bayyananne, irin "ka ɗauke mini wankin ranar Asabar," ya fi jiran ya lura da kansa sauƙi gare ku duka.

Akwai wata dabara da na daɗe ina ba malamaina, ita ce a manna jadawalin zangon karatu inda maigida zai gani. Nauyin aikinmu ba ɗaya yake ba a tsawon zango: makon farko, makon jarrabawa da makon cike katin sakamako sun fi sauran tsanani nesa ba kusa ba. Idan ya san da zuwansu tun da wuri, ba zai shirya baƙi ko tafiya a cikinsu ba, kuma ba zai fassara shagalarki da cewa kin daina damuwa da shi ba. Ke kuma sai ki rama masa a makonnin da suka yi sauƙi. Wayar hannu ma tana buƙatar iyaka. Ki sanar da iyayen yara cikin ladabi lokacin da kike amsa kira da saƙo, ki kashe ƙarar zauren WhatsApp na makaranta da daddare, domin uwar da ta saba samun amsa da ƙarfe tara na dare za ta ɗauka haƙƙinta ne. Labarin makaranta kuma ki ba shi minti goma a hira, sannan a shiga wani zance, kuma sirrin gidajen yaranki ya tsaya a bakinki ko da a gaban maigida ne. Idan kina sayen kayan aji daga albashinki, kamar yadda malaman firamare da yawa ke yi a ɓoye, ku yanka adadin da ba za a wuce ba a wata. In kuma tunanin gobe ne ke hana ki barci, ki rubuta ayyukan goben a takarda kafin ki kwanta. Wani ƙaramin gwaji da aka yi a Jami'ar Baylor ta Amurka aka wallafa a 2018 ya nuna masu yin haka sun riga sauran yin barci da kimanin minti tara.

Ba ki ambaci haihuwa ba, amma tunda sabon aure ne, akwai abin da ya fi kyau ki sani tun yanzu. Mai aiki cikin ƙananan yara tana yawan haɗuwa da cututtukan da ke yawo a tsakaninsu, kuma biyu daga ciki, ƙarambau da rubela mai kama da ƙyanda, suna iya cutar da ɗan tayi. Rubela musamman, idan ta kama mace a farkon ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yiwuwar ta kai ga ɗan tayin ya kai kashi 90 cikin 100. Ba a yin allurar rigakafinta da ciki, sai kafinsa, don haka ki tambayi likita tun kafin a kai ga nan. Ki kuma nemi sanin abin da dokar ƙasarki da takardar ɗaukarki aiki suka tanada na hutun haihuwa. Yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta sa mafi ƙarancinsa mako 14, tare da lokacin shayarwa a cikin awannin aiki, ko da yake ba kowace ƙasa ce ta rattaba mata hannu ba. Wani lokaci nakan tuna wa matasan malamai cewa abin da suke ɗauka kamar da ma haka yake, wasu ne suka sha gwagwarmaya a kansa. A Ingila sai da dokar ilimi ta 1944 ta zo aka haramta korar malama don ta yi aure, a Ireland kuma an hana matan aure koyarwa a firamare daga 1934 har zuwa 1958. Shawarwarin da UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago suka amince da su a Paris ranar 5 ga Oktoba, 1966, wadda ita ce ranar da ake bikin malamai ta duniya a yanzu, sun faɗa ƙarara cewa aure ba zai zama dalilin hana mace aikin koyarwa ko rage mata albashi ba.

Game da ajiye aiki, ba zan ce miki kada ki yi ba, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba ke kaɗai wannan tunani ke zo wa ba: wani masanin ilimi, Richard Ingersoll, ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 44 cikin 100 na sababbin malamai a Amurka suna barin aikin cikin shekara biyar na farko. Abin da nake so ki sani shi ne kina tsakiyar wuri mafi tsauri. Bincike da dama sun nuna cewa ƙwarewar malami ta fi saurin hauhawa a shekaru uku zuwa biyar na farko, kuma abin da yau yake cin ki awa guda, nan da shekara biyu minti 15 zai ishe shi. Kin kuma haɗa sabo biyu a lokaci guda, na aji da na zaman aure, kowannensu kuwa shi kaɗai ya isa ya gajiyar da mutum. Amma ki bambance gajiya da ƙonewa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta siffanta ƙonewar da aiki ke jawowa da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, jin zuciya ta yi nisa da aikin ko ta tsane shi, da jin ba a tsinana komai. Gajiya tana tafiya idan an huta. Idan kuwa hutun zango ya zo ya wuce ba ki farfaɗo ba, ko kika ga yaran da kike so sun zame miki kaya, ko barci da cin abinci suka rikice, ko kuka yana zuwa miki ba dalili har tsawon mako biyu, to wannan ya wuce gyaran jadawali, ki ga likita, kuma ki gaya wa maigidanki gaskiyar abin da kike ji. Wani lokaci ma ba aikin ne matsalar ba, makarantar ce, ko ajin da aka ba ki, kuma neman canjin aji ko wurin aiki ya fi barin sana'ar gaba ɗaya sauƙin gyarawa idan an yi nadama.

In kina son shawarata a kan lokaci, ki ba wannan tsari zango ɗaya cikakke, ki fara da jakar da kuma minti 30 na shigowa gida, sauran su biyo baya a hankali. Kada ki rubuta takardar ajiye aiki a makon cike katin sakamako, domin a wannan makon ni kaina na sha rubuta ta a zuciyata. Ki bari sai mako na biyu na hutu, bayan kin yi barci ya ishe ki, sannan ku zauna ke da maigida ku yanke shawara.